Kurakuran da sababbin masu hawan dutse suka ƙi dainawa

Na gaji da ganin abu ɗaya. Duk lokacin da sabon mutum ya biyo mu hawan dutse, tun daga gindin dutsen nake gane wanda zai sauko yana ɗingishi. Jakarsa sabuwa fil, takalminsa ko ƙura bai taɓa gani ba, bakinsa kuma ba ya rabuwa da zancen ƙololuwa. Ba mai tambayar yadda za a sauko. To ni saukowa ce ta fara yi mini illa, don haka da ita zan fara.

Kafin babban hawana na farko, wata uku na yi ina shiri. Kullum da safe sai na yi gudu, sannan in hau matakalar bene, in na kai sama in shiga lif in dawo ƙasa. A zatona wahalar duk a hawa take. Na kai ƙololuwa lafiya lau. Da muka juyo, ba a yi awa biyu ba cinyoyina suka kama rawa, gwiwar hagu ta ɗauki zafi, yatsuna kuma duk taku sai sun daki gaban takalmi. Farata biyu suka yi baƙi, daga baya suka fita, gwiwar kuwa ta zaunar da ni kusan wata biyar. A gangara, naman cinya birki yake takawa, yana riƙe nauyin mutum da na jakarsa a daidai lokacin da yake miƙewa, kuma wannan aikin ya fi galabaitar da nama fiye da tura jiki sama. Gudu a shimfiɗaɗɗen wuri ba ya koya wa cinya birki.

Abin da nake yi yanzu, saura wata biyu tafiya nake fara goya jaka sau biyu a mako. Ina farawa da kilo 5 na gorunan ruwa, ina ƙarawa har kilo 12, in hau bene da ƙafa, in sauko da ƙafa, a hankali. Wasu na cewa a zubar da ruwan a sama don a tausaya wa gwiwa. Ina yin haka a makonni biyun farko kawai, domin a kan dutse ba wanda zai karɓar mini jaka. Sanduna biyu kuma ba na tsofaffi ba ne, a ƙara musu tsawo in za a gangara.

Takalmi kuwa da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a hau da ita, a bar wurin da babban yatsan hannu zai kwanta a gaban yatsun ƙafa. Ni ba na hawa da takalmin da ban yi tafiyar kilomita 50 a cikinsa ba. A yanke farce, a ƙara ɗaure igiya a idon sawu kafin a fara sauka. In ka ji wani wuri na zafi, tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, wato ɓoye ciwon kai. Mun taɓa hawa da wani abokina, ƙaƙƙarfa, wanda duk cikinmu ba mai iya binsa a gudu. A zango na uku ya ƙi cin abinci, ya ce gajiya ce. Na ga idonsa, na san ba gajiya ba ce, amma na yi shiru don kada in karya masa gwiwa. Cikin dare ya fara amai, da asuba ko miƙewa ba ya iya yi sai ya yi tangaɗi. Rirriƙe shi muka yi muka gangaro da shi cikin sanyi, tafiyar kowa ta ƙare a nan, kuma Allah ne ya kiyaye abin bai wuce haka ba. Shirun da na yi ya fi ɓoyewarsa muni.

Ku saurara da kyau, 'yan uwa. Daga tsayin mita 2,500 ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iskar oksijin a sama ke jawowa, na iya kama kowa, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Hasali ma ƙarfafan su ne ke saurin hawa, su riga jikinsu sabawa. A ƙololuwar Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, iskar oksijin da ke shiga huhu a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin teku ce. Shi ya sa a hawan wannan dutsen na fi son hanyar Lemosho ta kwana 8 a kan hanyar Marangu ta kwana 5, kuma shi ya sa 'yan jagora a can ba su da waƙar da ta wuce "pole pole", wato sannu sannu. In an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kwana uku ko huɗu a huta yini guda. Mai ciwon kai da tashin zuciya ba ya ƙara hawa. Mai tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, domin alama ce ta kumburin ƙwaƙwalwa ko taruwar ruwa a huhu, kuma dukansu suna kisa. Maganin Diamox na taimaka wa jiki wajen sabawa da tsayi, amma likita ne zai rubuta, ba abokin tafiya ba.

Sai auduga. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe, iska na bugowa ta zama ƙanƙara a jiki, ga shi kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. A sa ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje. Ni da ɗan sanyi-sanyi nake fara tafiya, don minti goma sun isa jiki ya ɗumama.

Ƙananan ba sai na ja su ba. Tocilan ta goshi da ƙarin batir, ko da tafiyar yini ce. Tabarau mai tare rana, musamman a kan ƙanƙara. Sanyi na cinye cajin waya, a sa ta a aljihun ciki, a riƙe taswirar takarda. A gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Duk kayan da aka saya a gwada su a gida, ba a fara koyon kafa tanti cikin duhu.

Na ƙarshe, mutane ba sa yanke lokacin juyowa. Tun 1892 wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya bar mana lissafi mai sauƙi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ni ina ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai saboda jaka da hutu. Daga nan nake fitar da lokacin juyowa, in faɗa wa kowa tun a gindin dutse, in saita ƙararrawa a agogona. In ta buga muna juyawa, ko da muna hango ƙololuwa, kuma ba na sauraron mai cewa saura kaɗan.