Yadda ɗan kwangila zai samu izinin kafa turken sadarwa ba tare da an tsayar masa da aiki ba

Kamfanin waya yana zaɓen fili ne bisa inda sabis ya yi rauni. Ita kuwa hukumar tsara gari ba ruwanta da sabis, abin da ke gabanta shi ne ko dokar yankin ta yarda a tsayar da ƙarfe mai tsawon mita 40 ko 60 a wannan wuri. Ɗan kwangila ne a tsakiya, kuma a ƙofar shingensa ake liƙa takardar dakatar da aiki. Izini iri biyu ne, kuma ɗaya na gaba da ɗaya: na amfani da fili tukuna, sannan na gini.

Matakin farko, tun kafin ka sa hannu a kwangila, ka je ofishin tsara gari ka nemi taswirar da ta rarraba yankuna. Ka duba a wane rukuni filin ya faɗa: na gidaje ne, na kasuwanci, na masana'antu ko na noma. A wasu yankuna doka ta halatta turke kai tsaye, a wasu sai da izini na musamman mai sharuɗɗa, a wasu kuma haramun ne. Kada ka tsaya kan abin da jami'i ya faɗa maka da baki. Ka karɓi amsar a rubuce, da lambar sashen dokar.

Daga nan sai awo, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kusan kowace doka ta ƙayyade iyakar tsawo da kuma tazarar da za a bari tsakanin gindin turke da iyakar fili, ko hanya, ko gida mafi kusa. Wasu garuruwa suna cewa tazarar ta kai tsawon turken kansa, don ko ya faɗi ya faɗi a cikin filinsa. To ka ga turke mai mita 50 ba zai shiga ƙaramin fili ba ko da mai filin ya amince. Ka tambaya da kyau daga ina ake fara awon: daga tsakiyar turke, daga ƙafarsa, ko daga shinge? Kuma sandar tare tsawa da ke can ƙoli tana cikin lissafin tsawo ko ba ta ciki? Mita biyu kacal kan mayar da takarda baya. Ka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa turaku, ya buga hatiminsa.

Mataki na uku, ka shirya amsar tambayar da ba makawa za a yi maka: me ya hana ku ɗora eriyarku a kan turken da ke kusa? Hukumomi da yawa sun fi son kamfanoni su yi tarayya a turke ɗaya. Sai ka zo da taswirar injiniyan sadarwa mai nuna gibin sabis, da hujjar cewa turken da ke akwai ya cika, ko ya gaza tsawo, ko ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba.

A lokaci guda ka tura takarda ga hukumar kula da sufurin jiragen sama, domin izinin gari ba ya maye gurbin nata. A Amurka, alal misali, duk ginin da ya haura ƙafa 200 daga ƙasa dole ne a sanar da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, kuma a kusa da filin jirgi ko bai kai haka ba ana iya buƙatar a sanar. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce tushen fentin ja ko ruwan lemo da fari da ake gani a jikin dogayen turaku, da jan fitila da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar hukumar jiragen saman ƙasarku na iya rage maka tsawo, ta sa a sake zane gaba ɗaya.

Sai haɗa fayil. Galibi ana neman yarjejeniyar hayar fili ko shaidar mallaka, zanen wurin, rahoton gwajin ƙasa, lissafin injiniyan gini kan ƙarfin iska da nauyin eriya, rahoton tasiri kan muhalli, shaidar inshora, da bayanin cewa ƙarfin siginar bai wuce iyakar da aka amince ba. Ƙasashe da dama suna bin jagorar ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai ƙayyade ƙarfin siginar da bai kamata jikin mutum ya wuce ba, jagorar da aka sabunta a 2020. Ka tabbata tsawo da lambobin da ke nuna wurin a taswira iri ɗaya ne a kowane shafi. Idan fayil bai cika ba, agogon wa'adin amsa ba ya tafiya. Ko a Amurka, inda hukumar kula da sadarwa ta FCC ta sa wa ƙananan hukumomi wa'adin kwana 150 kan sabon turke da kwana 90 kan ɗora eriya a tsohon turke tun 2009, ana iya tsayar da ƙidayar idan aka sanar da mai nema cewa takardunsa ba su cika ba.

Idan doka ta tanadi zaman jin ra'ayin jama'a, kada ka raina shi. A ganina gara ka zaga maƙwabta tun kafin ranar. Abin da ke damunsu sananne ne: ƙarar janareta da dare, hayaƙi, man dizal da zai iya malala zuwa rijiya, da tsoron turke ya faɗo. Ka zo da amsa a aikace, kamar janareta mai rufi da daɓen da zai tare mai. Duk sharaɗin da aka gindaya a zaman ya zama doka a kanka, ka rubuta shi cikin zanen aiki.

Bayan izinin fili ya fito ne za ka nemi izinin gini da na wutar lantarki. Ka liƙa kwafi a wurin aiki, ka kuma lura da ranar ƙarewarsa, don wasu izinin kan mutu idan ba a fara aiki cikin wa'adi ba.

Lokacin gini, ka kira sufeto ya ga rami da ɗaurin rodi da kusoshin gindi kafin a zuba kankare. Motar kankare na iya tsayawa tana juyi, direba na matsa maka lamba, amma abin da ka rufe ba a duba ba ana iya sa ka fasa shi. Haka wayar da ke kai tsawa ƙasa, a duba ta kafin a mayar da ƙasa. Ka ajiye sakamakon gwajin kankare na kwana 28. In kuma kuka ci karo da dutse har ya zama dole a matsar da gindi, ko kamfani ya ce a ƙara tsawo, ka tsaya, ka kai zanen da aka gyara a sake buga masa hatimi.

A ƙarshe safiyo ya dawo ya auna abin da aka gina, sufeto ya yi duban ƙarshe ya ba da takardar kammalawa. Ka miƙa wa mai turke cikakken fayil, tare da rubutaccen bayanin wanda zai riƙa kula da fitila, fenti da shinge daga ranar.