Yadda za ka gane dishewar muryar da ba ta mura ba ce

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro inda nake aikin jinya, yawancin masu dishewar murya sai sun gama da zuma, citta da Tom-Tom kafin su zo. In ƙurar hunturu ce ko mura, to, babu laifi. Amma murya aikin jijiya ce: tantani biyu ne a maƙogwaro suke haɗuwa su kaɗa, kuma ƙwaƙwalwa ce ke ba su umarni.

Fara da lissafi. Dishewar da ta kai mako 4 ba ta warke ba, likita za a gani, musamman ga mai shan sigari.

Sannan ka kasa kunne. In muryar ta zama iska-iska, numfashi na ƙarewa kafin a kai ƙarshen magana, tari ba ƙarfi, ga yawan ƙwarewa wajen shan ruwa, mai yiwuwa tantani ɗaya ya shanye. Nan sai a tambaya: an yi aikin maƙoƙo kwanan nan? Jijiyar da ke motsa tantanin na bi ta bayan wannan wurin, wani lokaci tiyata kan taɓa ta. Ta hagu kuwa sai ta gangara ƙirji, ta zagayo ƙarƙashin babbar hanyar jinin zuciya kafin ta dawo wuya. Shi ya sa kada ka yi mamaki in ka kai ƙarar murya aka tura ka hoton ƙirji.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce muryar da ke ƙullewa tsakiyar kalma kamar an shaƙe mutum, alhali in dariya ce ko waƙa, sai ta fita tas. Na ga matar da dangin miji suka ce iskanci ne, wasu suka ce iska ce. Ba ko ɗaya. Naman maƙogwaron ne ke ɗamewa ba da sonta ba. Allurar Botox a wurin tana sassauta shi na wata 3 zuwa 4, sai a maimaita.

Dattijon da muryarsa ta yi ƙasa-ƙasa, hannu na karkarwa, a duba Parkinson, wata cutar ƙwaƙwalwa. Muryar da ke raunana da yamma, fatar ido na saukowa, likitan jijiya za a nema. Magana ta harɗe farat ɗaya, baki ya karkace? Asibiti nan take.

In ka je, ka roƙi a leƙa maƙogwaron da siririyar kyamarar da ake zurawa ta hanci. Minti kaɗan ne. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ka ɗauki muryarka a waya safe da yamma, ka tafi da ita.

Kafin ranar ganin likita, sha ruwa sosai, rage gyaran murya, kuma bar raɗa, don ita ma wahalar da maƙogwaro take yi. Jijiyar da tiyata ta taɓa kan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin a san ko za ta farfaɗo, amma wanda ke ƙwarewa kullum wajen ci ko sha kada ya jira, abinci na iya faɗawa huhu.