Kurakuran da aka fi yi kan maganaɗisun lantarki da tsaron wutar gida

A shekarar 1820 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Hans Kiristiyan Osted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa daga arewa da zarar wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Daga nan aka gane cewa duk inda lantarki ke gudana, ƙarfin maganaɗisu yana kewaye da shi. Ɗalibai kan haddace wannan darasi don jarrabawa su bar shi a aji, alhali kuwa shi ne ke juya fanka, shi ne ke aiki a cikin taransifoma, kuma da shi aka ƙera na'urorin da ke yanke wuta kafin ta ƙone gida ko ta kashe mutum. Yawancin ɓarnar da nake gani ana yi wa wayoyin gida ta samo asali ne daga raba darasin da aikin, shi ya sa zan haɗa su wuri ɗaya.

Bari mu fara da kurakuran takarda. Ɗalibi zai zana waya miƙaƙƙiya, ya ja layukan maganaɗisu suna bin tsawonta. Ba haka suke ba. Zobe-zobe suke yi suna kewaye wayar, kuma ƙarfinsu na raguwa yayin da ake nisa da ita. Ka riƙe wayar a zuci da hannun dama, babban yatsa yana nuna inda wuta ta dosa, to inda sauran yatsun suka lanƙwasa nan layukan suka nufa. Inda ake yin tuntuɓe shi ne alkiblar wutar kanta. Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa wuta tana fita daga kan batir mai alamar tarawa ta koma ga mai alamar ɗebewa. Ƙwayoyin ilektaron kuwa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar a cikin waya, akasin haka suke tafiya. Wanda ya bi ilektaron da babban yatsansa, amsarsa za ta fito a birkice ko da ya riƙe hannu daidai.

Sai rikicin hannun hagu da na dama a ƙa'idojin masanin kimiyya Filemin, masu nuna alkiblar wuta da motsi ta hanyar yatsu uku. Kafin ka ɗaga hannu, tambayi kanka: me aka ba ni, me ake nema? In wuta aka bayar ana neman motsi, kamar a injin fanka, hannun hagu ne. In motsi aka bayar ana neman wuta, kamar a janareta, hannun dama ne. A duka biyun manuni yana nuna alkiblar maganaɗisu, na tsakiya yana nuna wuta, babban yatsa yana nuna motsi. Kada kuma a manta, wayar da ta kwanta daidai da layukan maganaɗisu ba abin da zai tura ta. Ƙarfin turawa ya fi yawa ne idan ta gicciye su.

Abin da Maikal Farade ya gano a Ingila a 1831 shi ma ana yawan ɗaukarsa rabi. Ajiye maganaɗisu cikin naɗin waya ba ya haifar da wuta, komai ƙarfinsa. Sai an motsa shi, ko an motsa naɗin, ko ƙarfin maganaɗisun ya riƙa canzawa. Wannan ne dalilin da taransifoma ba ta aiki da wutar batir, tana buƙatar wuta mai kai da kawowa, irin wadda ke zagayowa sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a Amurka.

Yanzu mu shiga gida da abu guda a ka: wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar dawowa. A kowace igiyar na'ura akwai waya mai ɗauke da wuta da kuma wayar dawowa, wadda masu gyara ke kira niyutural. Tunda abin da ke tafiya a ɗaya daidai yake da abin da ke dawowa a ɗayar, maganaɗisun da suke haifarwa yana kashe juna. Wanda ya matse igiya gaba ɗaya da mitar nan ta auna wuta mai baki kamar ƙaguwa zai ga sifili, ya yi zaton mitar ta lalace ko babu wuta. Waya ɗaya ake kamawa.

Wannan bayani yana gyara wani zance da ya yaɗu, wai doguwar wayar jona da aka bari a naɗe tana zafi ne saboda ta zama maganaɗisu. Gaskiya ne tana zafi, har roba ta narke, amma dalilin ya fi haka sauƙi: kowace waya mai ɗauke da wuta tana ɗumi, idan aka tara ta wuri ɗaya iska ba ta samun hanyar kwashe zafin. In za ka jona abu mai cin wuta, warware ta har ƙarshe. Ka kuma yi ɗan lissafi kafin ka cika ramukanta. Raba wat ɗin na'ura (ƙarfin cin wutarta) da bolt ɗin gidanka (ƙarfin tura wuta), za ka sami amfiya, wato yawan wutar da take ja. Butar lantarki mai wat 2000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 9. Ƙara mata dutsen guga mai wat 1200, ka haura amfiya 13, iyakar abin da yawancin wayoyin jona masu ƙafa uku ke iya ɗauka ke nan.

Fis an yi shi ne domin ya mutu. Siririyar waya ce da ke narkewa idan wuta ta wuce kima, ta yanke hanya kafin wayar da ke binne cikin bango ta yi zafi. Mutum zai ga fis ya ƙone sau biyu, ya fusata, ya maye gurbinsa da kaurin jan ƙarfe ko ma ƙusa. Wutar ta dawo, ya ji daɗi. Abin da ya yi kuwa shi ne mayar da wayar bango ta zama fis ɗin, kuma ita tana ƙonewa ne a inda ido ba ya gani. A sa fis mai lambar da ta dace da na'urar: fitila ko rediyo amfiya 3 ta ishe su, buta da hita 13. Idan sabon ma ya ƙone, akwai ciwo a wani wuri, shi za a nema.

Fis da makunni duka a kan waya mai wuta ake ɗora su. Idan aka ɗora makunni a kan niyutural, kwan fitila zai mutu in an kashe, amma mazauninsa yana nan cike da wuta, yana jiran yatsan wanda zai hau kujera ya canza kwan. Wannan kuskure yana da mugunta saboda komai yana aiki lafiya lau, ba abin da zai tona shi sai ranar da ya ja wani.

A gidajen zamani bireka, wato makunni mai yanke wuta da kansa, ita ce ta gaji fis, kuma hanya biyu take faɗuwa. Akwai ɗan ƙarfe a cikinta mai lanƙwashewa a hankali idan kaya sun yi yawa ya ɗau zafi. Akwai kuma ɗan naɗin waya, wanda idan wayoyi biyu suka haɗu wuta ta yi tsalle, nan take yake zama maganaɗisu mai ƙarfi ya fizge makullin. Darasin Osted ke nan a zahiri. Saboda haka yadda bireka ta faɗi yana ba ka labari. In sai bayan 'yan mintuna take faɗuwa, kaya ne suka yi yawa, a rage. In kana ɗaga ta tana komawa da ƙara, wayoyi sun haɗu, ka bar ta a ƙasa, ka zare duk abin da ke jone, ka kira mai gyara. Ɗaga ta da ƙarfin tsiya sau biyar ko musanya ta da mai babbar lamba daidai yake da sa ƙusa a gurbin fis, domin girman bireka ana auna shi ne da kaurin wayar da take tsaro.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton cewa bireka tana kare mutum daga jan wuta. Waya take karewa. Bireka mai amfiya 16 ba za ta ko motsa ba idan amfiya ɗaya ta bi ta jikin mutum, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya birkita bugun zuciya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da ke tsare rai wata na'ura ce daban, mai gano yoyon wuta, wadda ake sayarwa da sunan RCD ko RCCB. Aikinta yana da ban sha'awa. Waya mai wuta da ta dawowa duka suna ratsa wani zoben ƙarfe. Muddin abin da ya tafi shi ne ya dawo, maganaɗisunsu yana kashe juna, zoben yana zaune shiru. Da zarar wani kaso ya sulale ta jikin mutum zuwa ƙasa, ma'auni ya karkace, maganaɗisu ya bayyana a zoben, ya haifar da 'yar wuta a wani ƙaramin naɗi, makulli ya faɗi cikin ƙiftawar ido. Wadda ake sawa don kare mutane ita ce mai lamba miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya. Tana da maɓallin gwaji a fuskarta, a riƙa danna shi lokaci-lokaci, in ba ta faɗi ba a canza ta. Ita ma tana da iyaka: wanda ya riƙe waya mai wuta da niyutural tare, ba tare da wuta ta tsere ƙasa ba, a wurinta tamkar na'ura ce aka jona. Samunta a gida ba izinin taɓa waya ba ne.

Ga kuma masu karya doguwar ƙafar fulogi don ya shiga soket mai rami biyu. Wannan ƙafar ita ce wayar ƙasa, an haɗa ta da gangar jikin firiji ko injin wanki. Ranar da waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfen, wutar za ta kwarara ta wannan hanya mai sauƙi da yawan da zai kayar da bireka ko ya ƙone fis. In an karya ƙafar, firijin zai ci gaba da sanyi, jikinsa ɗauke da cikakkiyar wuta, hanyar ƙasa kuwa sai ta wanda ya zo buɗewa da jiƙaƙƙen hannu. Soket ɗin ake canzawa. Wasu kuma don gudun wahala sukan haɗe ramin wayar ƙasa da niyutural a bayan soket. Ranar da niyutural ya tsinke a wani wuri, jikin duk na'urar da ke jone zai ɗau wuta. Na'urorin da aka ƙera ba sa buƙatar wayar ƙasa suna da alama, murabba'i cikin murabba'i.

Launin waya yana taimakawa amma ba shaida ba ne. A tsarin da ƙasashe da yawa ke bi yanzu, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya niyutural, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa niyutural. Ba ka san hannun da ya yi aikin kafin ka ba, don haka a kashe daga babban akwati, a gwada abin gwajin a inda aka tabbata akwai wuta, sannan a gwada wayar da za a taɓa.

Mai janareta da ya jona shi kai tsaye a soket ɗin bango ba tare da makunnin sauya layi ba, haɗarinsa ya wuce gidansa. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke dubban bolt zuwa 230, haka za ta ɗauki 230 ɗin janaretarka ta ɗaga ta zuwa dubbai a kan layin da ma'aikaci ya hau yana da yaƙinin an kashe. Makunnin sauya layi yana tabbatar da cewa gida yana kan ɗaya ne kawai, ko layin waje ko janareta. Shi kansa injin a waje ake ajiye shi, nesa da taga, saboda iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari.

Akwai ciwon da ba bireka ba RCD da ke ganinsa, wato sako-sakon haɗi. Noti bai ɗauru ba, ko an murɗe wayoyi biyu an naɗe da salatif. Wutar da ke bi ba ta wuce kima ba, amma wurin yana zafi yana tartsatsi. Soket mai ɗumi, ko wanda ya yi baƙi a bakin rami, ko mai warin ƙonanniyar roba, a daina amfani da shi a ranar.

Idan wuta ta kama mutum, zuciya za ta ce ka fizgo shi. Kada ka taɓa shi, domin tsokar hannunsa ta ƙanƙame ne, kai ma haka taka za ta yi. Kashe babban makunni ko zare fulogi. In ba ka kai gare su ba, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar da busasshen katako ko roba. Wannan na wutar gida ne kawai, babbar wayar layi da ta faɗo ko kusa da ita ba a zuwa. Bayan an raba shi da wutar a duba numfashinsa, in ya tsaya a fara danna ƙirji yayin da wani ke neman agaji, kuma ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar da ta tashi daga waya ba a watsa mata ruwa matuƙar ba a yanke wuta ba, a yi amfani da abin kashe gobara mai hoda ko busasshen yashi.