Yadda za ka zaɓi tsarin karanta bayanai a rumbun girgije

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne rumbu irin DynamoDB, rumbun bayanai na Amazon, ba wuri ɗaya yake ajiye bayananka ba, kwafi uku yake yi a cibiyoyi daban-daban. To idan ka rubuta abu yanzu-yanzu ka juyo ka karanta, wani sa'in kwafin da ya amsa maka labari bai iso masa ba tukuna, sai kawai ya miƙo maka tsohon. Yawanci cikin daƙiƙa ɗaya an daidaita, amma a 'yar daƙiƙar nan ne mutum zai canza sunansa a manhaja, ya sake loda shafi, ya ga tsohon suna na nan daram, ya ce ai abin ya lalace.

Idan ba ka ce komai ba, a haka zai barka. In sabon bayani kake so dole, sai ka sa ConsistentRead ya zama true a umarnin karatu, wato GetItem ko Query ko Scan. Amma fa da kuɗinsa: kowane 4KB yana cin RCU 1 (RCU shi ne ma'aunin da ake cajin karatu da shi), alhali karatun da ba a sa wa true ba rabi yake ci, ninki biyu ke nan.

Don haka don Allah kar ka bi kod ɗinka kaf kana zuba true. Kowane karatu ka tsaya ka tambayi kanka, wani hukunci zai hau kan abin da na karanto? Ragowar kuɗi a asusu kafin a cire, ko izinin da aka ƙwace wa wani yanzu, waɗannan a sa true. Yawan masu kallon bidiyo ko jerin sharhi kuwa, ko ya makara ba wanda zai cutu.

Ka kula, GSI, wato ƙarin fihirisar da ake yi wa tebur don nema da wani mabuɗi daban, ba ya karɓar true sam, saƙon kuskure na ValidationException zai dawo maka da shi, sai ka karanta daga ainihin teburin.

Wurin da na fi so ka natsu shi ne nan: true ba ya hana karo. Kaya ya rage 1, mutum biyu suka karanta a tare, duk sun ga 1 kuma gaskiya suka gani, duk suka saya. Maganin wannan a wajen rubutu yake, ka sa ConditionExpression cewa kar a rage sai in adadin ya haura 0, na biyun sai a ƙi shi.

In Cosmos DB, rumbun bayanai na Microsoft, kake amfani da shi matakan daidaiton karatu 5 ne, daga Strong har Eventual, kuma Session da yake zuwa da shi ya ishi yawancin manhajoji tunda kowa zai ga abin da shi kansa ya rubuta, kai dai ka tabbata tokin ɗin zaman, wato alamar da Session ke gane mai amfani da ita, yana bin mai amfani idan sabobinka suna da yawa.