Yadda za ku saba wa yara zuwa makaranta da ƙafa da kuma wasa a waje

Ranar da hankalina ya fara tashi a kan wannan maganar ita ce ranar da na zauna na lissafa motsin da ɗana yake yi daga safe zuwa dare. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa aji, ya zauna a benci har a tashi, a ɗauko shi ya dawo gida ya miƙe a kujera da waya a hannu, shikenan fa an gama ranar. Yaro ɗan shekara takwas wanda kamata ya yi a ce sai an yi da gaske kafin a kama shi a zaunar. Kuma wallahi ba laifinsa ba ne, mu manya mu muka tsara masa ranar a haka saboda sauri da kuma tsoro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kamar minti 60 a kullum na motsa jikin da zai sa numfashinsa ya ɗan hau, zuciya ta buga, sannan aƙalla sau 3 a mako ya yi abin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka irin su gudu da tsalle da hawa. A 2019 hukumar ta fitar da binciken da ya shafi yara miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, aka ga kashi 81 cikin ɗari ba sa kaiwa wannan ma'aunin. To ku duba, idan makarantar tana da nisan kilomita ɗaya, yaro zai taka ta cikin minti 15 zuwa 20, zuwa da dawowa ya riga ya samu rabin abin da ake nema ko fiye, ba tare da an saya masa komai ba.

Amma na san abin da ke ranku don ni ma shi ya daɗe a raina, titi. Tsoron kuwa yana da tushe, haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, ba wanda zai ce ku rufe ido ku sako yaro kan hanya. Don haka aikin farko naku ne ba na yaron ba. Ku fita ku bi hanyar da ƙafarku, kuma ku bi ta a daidai lokacin da yara ke tafiya da safe, don hanyar da kuka sani shiru ranar hutu tana iya zama wata aba daban da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin. Ku lura da inda masu mota da babur ke gudu, inda babu gefen masu tafiya da ƙafa, inda aka ajiye motoci suka tare gani, kwalbati a buɗe, kango ko lungun da babu mutane, gidan da ke da karen da ba a ɗaure. Sau da yawa hanyar da ta fi kusa ba ita ce ta fi aminci ba, gara a ƙara minti biyar a zaga ta inda jama'a ke kai da komo kuma tsallaka titi bai wuce sau ɗaya ko biyu ba. Wani abu da na koya, ku ɗan durƙusa a wajen tsallakawa ku kalli titin daga tsayin yaronku, za ku sha mamakin yadda mota ɗaya da aka faka take rufe masa komai, shi ma kuma direba ba ya ganinsa.

Daga nan sai ku fara da kaɗan. Kar a tashi rana ɗaya a ce daga yau babu mota, yaron zai ɗauka horo ake masa. Zaɓi rana ɗaya a mako, ku tafi tare, in ya zauna a ƙara ta biyu. Idan makarantar ta yi nisa sosai ba sai an fasa ba, ku tsaya da motar ko ku sauka daga bas tun da sauran tafiyar minti goma, ku ƙarasa da ƙafa, wannan ma yana rage cunkoson da ake yi a bakin ƙofar makaranta, inda motoci ke ja da baya yara na ratsawa tsakaninsu ga hayaƙi yana shiga musu hanci.

Tsallaka titi kuwa ba a koyar da shi a falo, a bakin titin ake koyarwa kuma sai an maimaita har ya zama jiki. A tsaya cak kafin a sauka, a duba hagu a duba dama a sake duba hagu, a saurara, sannan a tsallaka a miƙe da tafiya ba da gudu ba, kuma ana ci gaba da dubawa har a kai ɗaya gefen. Ba a fitowa daga tsakanin motocin da aka ajiye ko daga bayan bas. Inda babu gefen masu ƙafa a bi ɓangaren da ake fuskantar motoci masu zuwa, a jere ɗaya bayan ɗaya, babba yana ta wajen titi. Bayan kwana biyu ku juya abin, ku ce masa yau kai za ka faɗa min lokacin da za mu tsallaka, ku riƙe hannunsa ku ga hukuncin da zai yanke, a nan za ku gane ko ya iya ko haddacewa kawai ya yi. Ƙananan yara ba su iya auna gudun mota da nisanta daidai ba, shi ya sa masana harkar kiyaye haɗari da yawa ke cewa yaron da bai kai shekara 10 ba ya riƙa tsallakawa da babba. Kuma don Allah ku ajiye waya a aljihu lokacin tafiyar, yaro abin da ya ga kuna yi yake ɗauka ba abin da kuka faɗa ba.

Yanzu ga abin da ni a ganina ya fi komai aiki, abokai. Yaro bai damu da maganar lafiyar zuciya ba sam, amma ku ce masa abokinsa na jiransa a kwana, za ku ga ya riga ku saka takalmi. Ku nemi iyaye biyu ko uku da yaransu ke makaranta ɗaya ku haɗa ayari, a tsayar da hanya ɗaya, a tsayar da wuraren da za a riƙa ɗaukar yara da lokacin kowanne, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, iyaye su riƙa karɓa-karɓa ta yadda kowa sau ɗaya ko biyu zai fita a mako. Wani ɗan Ostireliya mai suna David Engwicht ne ya yaɗa wannan tunanin a 1992, ana kiransa bas mai tafiya da ƙafa, kuma ya bazu a Ingila da Italiya da Amurka. A Japan ma 'yan firamare a wurare da yawa rukuni-rukuni suke tafiya, manyan cikinsu na jagora, ƙananan da hula ruwan ɗorawa don direbobi su hango su. Sai dai ku yi yarjejeniya tun farko a fili, minti nawa za a jira wanda ya makara, wa za a kira idan mai rakiya bai samu fitowa ba, lambar kowa tana hannun kowa, kuma a sanar da makaranta. Yawancin irin wannan tsarin ba yara ke rusa shi ba, manya ne da rashin cika alƙawari. A kuma gaya wa yara ƙarara, ba a shiga motar kowa ko da an san shi sai da izinin gida, ba a canza hanya, ba a barin wani a baya.

Safiya tana gyaruwa ne tun dare. A haɗa jaka, a ajiye takalmi mai daɗin tafiya a bakin ƙofa, a cika gorar ruwa, a kwanta da wuri. Jakar kar ta yi nauyi, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kar ta wuce kashi 10 zuwa 15 na nauyin yaron, kuma a rataya ta a kafaɗu biyu. Hula in ana rana, lema ko rigar ruwa in da hadari, kaya masu haske in gari bai waye sosai ba.

A hanya kar ku mai da tafiyar aji, kar a yi ta tambayar jadawalin lissafi. Ku bar shi ya ƙirga jajayen motoci, ya bi layin tururuwa da ido, ya yi tsere zuwa wancan bishiyar inda babu haɗari. Ni dai a wannan tafiyar ce ɗana ya fara ba ni labarin da ba ya bayarwa a gida, wa ya tsokane shi, wane darasi ke ba shi wuya, ina jin don ba ma kallon juna ido cikin ido ne maganar take fito masa da sauƙi.

Sai wasan bayan an tashi. Ku sa doka mai sauƙi, waje kafin waya, awa ɗaya a fili tukuna sannan a taɓa allo. Ba a buƙatar kayan wasa masu tsada, ƙwallo ɗaya, igiyar tsalle, keke in akwai, wasan ɓuya, ko a ba shi ɗan wuri ya shuka wani abu ya riƙa ba shi ruwa. Zai ce ya gaji da zama babu abin yi, ku ƙyale shi, bayan minti goma da kansa zai ƙirƙiro wasa. Kuma ku daure da datti da ɗan ƙujewar gwiwa, in kowane motsi sai an ce kar ka faɗi, kar ka hau, kar ka ɓata kaya, yaron zai koma ɗaki inda ba a yi masa faɗa. Hasken waje ma kansa magani ne ga ido, a birnin Guangzhou na Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kullum a makaranta, bayan shekara 3 kusan kashi 30 ne suka samu matsalar rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 take ƙarfafa makarantu su fitar da yara waje minti 120 a rana saboda wannan dalilin. Ga kuma bitamin D da fata ke samarwa daga rana wanda ƙashi ke buƙata, sai dai a guji tsakar rana in zafi ya yi yawa, a nemi inuwa a sha ruwa.

Kar a manta da 'yan mata, wannan yana ci min rai. A wancan binciken na 2019 kashi 85 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza 78, kuma sau da yawa da yarinya ta fara girma sai a bar ta da zaman ɗaki alhali ƙashinta a shekarun ne yake ginuwa. Ku sama mata ƙawaye da wurin da hankali ya kwanta, ta yi gudunta ta yi tsallenta. Yaro mai asma ko wata nakasa shi ma kar a cire shi, a tambayi likita abin da ya dace da shi, a rage nisa, a tafi da maganinsa a jaka.

Idan kuma kun bi hanyar kun ga akwai wajen da gaskiya babu yadda yaro zai tsallaka lafiya, kar ku tura shi kuma kar ku yi shiru. Ku ɗauki hoton wajen da safe lokacin da ya cika, ku haɗu da sauran iyaye ku kai wa shugaban makaranta, ku rubuta wa hukumar da ke kula da titin tare, ku nemi a zana wajen tsallakawa, a sa tudun rage gudu, a sa mai tsallakar da yara safe da lokacin tashi, a kuma taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a kewayen makarantar kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Kafin a yi gyaran, ku riƙa sauke yaran bayan an wuce wannan wajen, su taka sauran tare da mai rakiyar ranar.