Yadda na daina rikita "borrow" da "lend"

Da na fara aiki a wani ofishi a Garki, Abuja, nakan ce wa abokiyar aikina "borrow me your pen", har ranar da ta yi murmushi ta tambaye ni wa zai ara wa wa. Ashe daga Hausa matsalar ta taso, domin muna cewa "na ari biro" da "ara mini biro" daga tushe ɗaya, alhali Turanci ya raba su biyu: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Haddar jerin kalmomi ba ta amfane ni ba. Sai na sayi ƙaramin littafin rubutu a kasuwar Wuse, na riƙa sanya kowace kalma cikin cikakkiyar jimla, ina maimaitawa a motar haya daga Nyanya kowace safiya har bakina ya saba.