Darasi na 9: Gwada Tsohon Memori

Memori ba ya dawwama. Duk lokacin da aka zuba masa hoto ko wa'azi, aka goge, aka sake zubawa, ma'ajiyar da ke cikinsa tana ƙara gajiya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa in dai waya ta nuna memori, to lafiyarsa ƙalau. Ba haka ba ne. Waya tana iya ganinsa alhali ya daina riƙe abin da aka ba shi.

Kafin komai, ku kwashe abin da ke ciki zuwa wata waya ko kwamfuta. Kada ku ce sai gobe. Memorin da ya kusa mutuwa yakan buɗe yau ya ƙi gobe, kuma gwajin da za mu yi zai share komai.

Sai ku kashe wayar, ku zare shi, ku goge layukan nan masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi. Ban da yawu, ban da kankarewa da reza. Ku gwada shi a wayar wani, don wani lokaci ramin wayarku ne ya lalace.

Yanzu ga ainihin gwajin. Ku yi masa fomat, wato ku share shi gaba ɗaya, sannan ku cika shi maƙil da bidiyo. Cikawar nan ita ce muhimmiya, domin ɓarnar tana iya kasancewa a wurin da ba ku taɓa kaiwa ba. Ku kashe wayar ku kunna. Ku buɗe bidiyon da kuka fara zubawa, da na tsakiya, da na ƙarshe, kuna jan kowanne gaba. In wani ya ƙi buɗewa, ko ya tsaya cak, ko ya ɓace, kada ku ƙara ajiye masa abin da za ku yi baƙin cikin rasawa. In kuma kun goge abu amma ya dawo bayan kunna waya, memorin ya kulle kansa ne. Ana iya kwashe na ciki, amma ba zai ƙara karɓar sabo ba, kuma mai gyaran waya ba zai iya farfaɗo da shi ba.

Wanda ke kusa da shagon kwamfuta ya nemi a gwada masa da manhajar H2testw. Kyauta ce. Tana cika memorin, ta karanto abin da ta zuba, ta faɗi yawan wurin da ya lalace. Takan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Ita ce kuma ke tona asirin jabu, wanda aka rubuta masa 64GB amma 8GB kaɗai yake ɗauka. Sai dai in memori mai 32GB ya nuna muku wajen 29GB, wannan daidai ne.

Aiki: Kowa ya karanta lambar GB da ke jikin memorinsa, ya rubuta ta a littafi, ya kwatanta da wadda wayarsa ta nuna.